Barci ya ƙi zuwa a jirgin Guangzhou, ƴan'uwa matafiya yaya kuke yi?

Ɗan Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mutumin Tawa ne, amma shagona yana nan Yamai, kayan sola nake sayarwa: fano, batir, fitilu da fanka. Daga Guangzhou ta ƙasar Sin nake ɗauko kayan, kuma in Allah ya yarda zan koma a watan Oktoba, lokacin baje kolin Canton.

Abin da ya kawo ni shi ne barci. Ni ba mai wahalar barci ba ne a ƙasa. In na shiga kar, wato babbar motar fasinja, daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 500, kafin mu kai Badagishiri na riga na tafi, sai an tsaya salla a Ƙwanni ko Dogondutsi maƙwabcina ya taɓa ni. Ga ramuka, ga kukan yara, ga fim da direba ya kunna, ba abin da ke hana ni. Amma da zarar na ɗaure bel a jirgin sama, idona ya bushe ke nan.

Muna tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai da rana, mu sauka Addis Ababa da dare. A ɗan jira, sannan wajen tsakar dare a shiga babban jirgi, a yi awa goma da wani abu a sama. Bayan an ba da abinci sai a kashe fitilu, kowa ya ja bargo, wasu har da minshari. Ni kuwa ina zaune ina kallon ɗan hoton jirgin nan da ke rarrafe a kan taswira. Ina da tsawo, gwiwata tana tokare da kujerar gaba. Wuya ya ƙage, hanci ya bushe, ciki ya kumbura, in aka kusa sauka takalmi ya ƙi shiga ƙafa. In na ɗan fara gyangyaɗi jirgi ya girgiza, gabana ya faɗi, a koma farko.

Wahalar da ta fi ita ce ta bayan sauka. In na isa masauki a unguwar Xiaobei ta Guangzhou sai in faɗi kan gado tun kafin magariba, in farka ƙarfe ɗayan dare, in zauna har gari ya waye. Da safe kuma ga ciniki da masu masana'anta, ga lissafin kwali da kuɗin kwantena, kai ya yi nauyi. Kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, kuskure ɗaya a lissafi zai shafi mutane da yawa.

Wani abokin kasuwa ya ce in sayi ƙwayar barci wurin masu tallar magani a bakin kasuwa, in haɗiye biyu da an tashi daga Addis. Na wuce shekara hamsin, kuma ina shan maganin tansiyo, wato hawan jini, kullum. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini gaskiya, in sha ko kada in sha? In kuma da wata dabara, ina saurare.

Isufu Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam Kawu. Ni a Turkiyya nake karatu, tafiyarmu ba ta kai taku tsawo ba, amma ga abin da na koya. Wurin zama shi ne rabin maganar. Ku sa yaron shagonku ya yi muku rajista ta intanet tun kafin ranar tafiya, ya zaɓar muku kujerar taga. Za ku jingina kai da bango, kuma ba wanda zai tashe ku don ya wuce bayi. Ku nemi wajen fiffike, girgiza ta fi sauƙi a can bisa ga wutsiyar jirgi. Ku guji layin ƙarshe, don sau da yawa kujerunsa ba su kwantawa baya, ga layin masu jiran bayi a kanku dare duka. Layin da ke gaban ƙofar gaggawa shi ma haka. In kun rufa da bargo ku ɗaure bel ta samansa yadda ma'aikata za su gani, ba sai sun tashe ku ba in an shiga iska.

Ni dai daren da zan yi tafiya ba na kwanciya sam, ina kwana zaune, don in na shiga jirgi gajiya ta kayar da ni. Ku gwada wannan.

Majo Yantala ya amsa:

Alhaji, sannu da fama. Ni ma'aikacin lafiya ne a nan Yamai, kuma amsar tambayarka ta farko a taƙaice: kada ka sha. Bari in faɗa maka dalili, don in ka gane abin da ke faruwa da jikinka a sama, za ka daina ganin kamar wani ciwo ne ya same ka.

Jirgi yana tafiya a sama da mita 10,000, inda mutum ba zai iya rayuwa ba, shi ya sa ake cusa iska a ciki. Amma ba a cika ta ta kai ta ƙasa. Iskar da kake shaƙa daidai take da ta wurin da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Yamai ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba, dutsen Bagzam kuwa da ya fi ko'ina tsawo a Nijar mita 2,000 ne da ɗan ɗoriya. Wato ka kwana a kan Bagzam ba tare da ka saba ba. Iskar da jini ke ɗauka tana ɗan raguwa, mai lafiya ba ta yi masa illa, amma barci ba ya yin nauyi, mutum ya yi ta farkawa. Wannan ragin matsin shi ke sa iskar cikin hanji ta buɗe, ciki ya kumbura. Damshin iskar kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, irin bushewar hunturun Tawa da ka sani, ita ke busar maka da hanci da maƙogwaro. Ƙara da ƙugin inji da ba ya yankewa, da zama a miƙe ƙafa a ƙasa. A kar kana da taga mai iska, kana da tsayawa a hanya, kuma jikinka ya san motsin mota tun ƙuruciya.

To ga matsalar ƙwaya. Abin da masu tallar nan suka fi sayarwa da sunan maganin barci dangin diazepam ne, in ma abin da aka rubuta a jikin takardar shi ne a ciki, bayan ya sha rana a faranti. Irin wannan yana rage ƙarfin numfashi, a wurin da iskar ta riga ta ragu. In kana da minshari mai yankewa, abin ya fi haɗari. Na biyu, zai kwantar da kai awa da awanni ba motsi, gwiwa a lanƙwashe. A nan jini ke daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike a 2007 cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka wannan haɗarin sau biyu, kuma ba a jirgi kaɗai ba, har a kar. Ga yawancin mutane haɗarin ƙarami ne, ba na son in tsorata ka, amma me zai sa mai shekara hamsin da hawan jini ya ƙara wa kansa? Na uku, in wani abu ya taso aka ce a tashi da sauri, wanda ya sha biyu ba zai iya ba. Na huɗu, waɗannan ƙwayoyi da tramol suna cikin magungunan da ƙasashe irin su Daular Larabawa ke kama mutum a kansu in ba shi da takardar likita. Masu bi ta Dubai su kiyaye.

Isufu, maganarka ta kujera daidai ce, amma ta kwana zaune ban yarda da ita ba. Kai saurayi ne, jikinka na ɗauka. Ga Alhaji rashin barci na ɗaga tansiyo, kuma in barcin bai zo a jirgi ba ya tara dare biyu ke nan a kansa. Gara ya shiga tafiya da cikakken barci. Kuma dogon mutum mai kumburin ƙafa, ni na fi so ya zauna bakin hanya, inda zai miƙe ƙafa ya tashi ya taka ba tare da neman izinin kowa ba. Taga ta fi daɗin barci, bakin hanya ya fi lafiyar ƙafa, sai ya zaɓa.

Alhaji, ina da tambaya. Ranar tafiya kofi nawa na shayi kake sha? Na san yadda ake rakiya a garin nan, ƴan'uwa su taru a gida, a ɗora buta, na farko, na biyu, na uku, ga goro a aljihu. A Addis kuma ƙamshin gahawa ya cika filin jirgi. Sinadarin da ke cikin shayi da goro da gahawa ɗaya ne, kafeyin, kuma bayan wajen awa biyar rabinsa na nan cikin jini. Wanda ya sha gahawa ƙarfe tara a Addis, ƙarfe biyun dare tana aiki. Daga azahar ta ranar tafiya ka bar su duka, har da koka. Ka bar wake da kabeji da lemu mai gas. Ka ci abinci marar nauyi a Addis, in an kawo tire tsakar dare ba dole ba ne ka karɓa. Ruwa kuwa ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan.

Akwai wani abin da zai yi maka daɗi. Addis tana gaban Yamai da awa biyu, don haka lokacin da jirginka ke tashi tsakar dare, a jikinka ƙarfe goma ne, daidai lokacin kwanciyarka. Tafiyar nan gaba ɗaya darenka ce. Abin da ke lalata ta shi ne haske. Kuna fuskantar gabas, gari na saurin wayewa, ga allon da kake ƙura wa ido. Kashe allon, ka rufe ido da wani abu mai duhu, ka toshe kunne da abin toshe kunne na soso, ana samunsa a farmasi.

Guangzhou tana gabanmu da awa bakwai. Ƙarfe sha ɗayan darensu la'asar ce a jikinka, shi ya sa kake zaune ido biyu. Jiki na gyara wajen awa ɗaya ne a kowace rana in an yi gabas, ba a yi masa dole. Abin da za ka iya: ranar da ka sauka ka daure kada ka kwanta sai bayan isha'i. In barci ya ci ƙarfinka, minti ashirin zuwa talatin, ka sa a tashe ka. Kwanakin farko ka fita cikin hasken rana bayan azahar. Akwai wani magani, melatonin, da ke taimaka wa wasu wajen wannan juyin lokaci, amma ka tambayi likitan da ke duba tansiyonka tukuna.

Hajiya Maman Rabi ta amsa:

Alhaji barka da ƙoƙari. Majo ya gama maganar asibiti, Allah ya saka. Ni tsohuwar ƴar kasuwa ce, na yi Jidda, na yi Dubai, na yi Sin tun ƙafafuna na da ƙarfi. Na karanta rubutunka sai na tsaya a wuri ɗaya, inda ka ce kuɗin ba naka ba ne kai kaɗai. Ƙanena, ina kake ajiye kuɗin nan in kana cikin jirgi?

Na tambaya ne don na san abin. Mu ƴan kasuwa in za mu tashi, wannan ya kawo saƙo, wancan ya kawo, ƙanin miji ya ce a sayo masa kaza, maƙwabciya ta ba da kuɗin adashinta. A canza su dala a ɗaure. In suna cikin jaka a akwatin sama, duk wanda ya tashi ya buɗe wurin nan cikin duhu sai zuciyarka ta buga. Kuma tsoron ba na banza ba ne, ana sata a jiragen dare, fasinja ne ke yi wa fasinja in an kashe fitila. Mai ɗauke da amanar mutane ba ya barci, ko gadon sarki aka shimfiɗa masa. A kar ta Tawa me kake ɗauke da shi? Kuɗin mota da tsarabar yara. Shi ya sa kake barci.

Abin da na yi shekaru ina yi: na sa tela ya ɗinka mini ɗamara mai zif, ina ɗaura ta a ciki ƙarƙashin tufafi tun daga gida, da fasfo a ciki, ba na kwance ta sai na kulle ƙofar masauki. Abin da ke akwatin sama tufafi ne kawai, wanda ya so ya ɗauka. Daga baya ma na rage ɗaukar tsaba, mafi yawa ina turawa ta banki ko ta hannun wakilin da ke haɗa mini kaya, in riƙe abin da zai ishe ni. Ana cire wani abu, gaskiya ne, amma ni na ga ya fi mini kwanciyar rai. In ka riƙe da yawa kuma ka tuna a Sin abin da ya wuce dala 5,000 sai an bayyana shi wa kwastan, ka cika takardarka kada a sami abin faɗa.

Sannan kai Ba'adare ne, ina rawaninka? Ni da mayafi nake yi. Ka naɗa shi a wuya ya tallafe haɓa don kada kai ya riƙa faɗuwa gaba, ka ja gefe ɗaya ka rufe ido da hanci. Numfashinka zai riƙe ɗan damshi a ciki, sanyin na'urarsu ma ba zai dame ka ba. Ka shafa man kaɗe kaɗan a hanci da leɓe. Matashin wuyan nan da ake sayarwa ni bai taɓa yi mini amfani ba, tura kai yake gaba.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina: kada ka yi ciniki washegarin saukarka. Ka ƙara kwana ɗaya a biyenka, wato tikitin jirginka. Ka yi yawo, ka duba kaya, ka tambayi farashi, ka rubuta, amma kada ka biya kowa. Kuɗin ɗaki na kwana ɗaya bai kai asarar da mai jin barci zai yi a kan kwantena ba. Masu masana'antar nan suna gane wanda ya gaji tun daga bakin ƙofa.

Malam Na-Bukoki ya amsa:

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Abin da kake ji ba baƙo ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana ɗayanku abincinsa da abin shansa da barcinsa. Don haka kada ka tsananta wa kanka.

Na lura da alhazanmu da yawa suna hana kansu barci a jirgi don tsoron alwala ta warware, saboda bayin ƙarami ne, ko don tsoron asuba ta wuce su. A mazhabarmu barci mai nauyi ne ke warware alwala, gyangyaɗi marar nauyi ba ya warwarewa. In ta warware kuma, wanki sau ɗaya ɗaya ya isa, da ruwa kaɗan, ba tare da an jiƙa wa mutane wuri ba. Magariba da isha'i ka sallace su a Addis, akwai wurin salla a filin, isha'i raka'a biyu. Asuba kuwa lokacinta na bin inda jirgi yake ne, ba agogon Yamai ba, kuma mai tafiya gabas tana riskarsa da wuri, ta wuce da wuri. Ka roƙi ma'aikacin jirgi ko wani ɗan'uwa da ke farke ya tashe ka in alfijir ya keto, sai ka kwanta da zuciya ɗaya. Ka yi addu'ar hawa abin hawa, ka karanta Ayatul Kursiyyu da abin da ka saba karantawa a shimfiɗarka. In jirgi ya girgiza ka ci gaba da tasbihi da carbinka har ya lafa.

Ɗan Adar ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya, wallahi kin taɓo wurin. A jakar hannu nake sa su, a akwatin sama, kuma idona na kan murfin nan dare duka. Gobe zan je wurin tela, kuma zan yi magana da wakilina a kan turawa. Maganar ƙarin kwana ɗaya ma na karɓa. Allah gafarta Malam, na gode, asuba na cikin abin da ke damuna. Isufu, Allah ya ba da sa'ar karatu, yarona zai zaɓar mini kujera, amma ta bakin hanya zan ɗauka saboda gwiwa.

Majo, shayi kam ana sha, har a mota hanyar filin jirgi akwai goro a bakina. Zan bari daga azahar. Ƙwaya kuma na fasa. Saura tambaya biyu. Maganin tansiyona da safe nake sha, to da safiyar wa zan bi, ta Yamai ko ta Sin? Sannan kumburin ƙafar nan, na ji ana maganar wata safa ta musamman.

Majo Yantala ya amsa:

Madalla Alhaji. Maganin ya kasance a jikinka ko a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita, kada ya shiga babbar jaka da za ta iya ɓata a hanya. Ka ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar. Game da lokaci, ka je wurin likitanka da kwalin da kuma biyenka kafin tafiya, ya tsara maka yadda za ka matsar da shi zuwa safiyar can. Abin da ba a so shi ne a sha biyu kusa da juna ko a tsallake rana. In maganin naka mai sa fitsari ne ka faɗa masa, don kada ya sa ka zarya zuwa bayi a tsakiyar daren jirgi.

Safar kuwa ana samunta a manyan farmasi na Yamai, mai matse ƙafa zuwa ƙasan gwiwa. Ba a sayenta da ka, sai an auna idon sawu da ƙwauri, kuma da safe ake aunawa kafin ƙafa ta kumbura. Ka sa ta tun daga gida, kada ka naɗe bakinta. In kana da ciwon suga ko ciwon jijiyoyin ƙafa, sai likita ya duba kafin ka sa. A cikin jirgi duk lokacin da ka farka ka motsa idon sawu sama da ƙasa, in fitilar bel a kashe take ka taka zuwa baya ka dawo. In barcin bai zo ba kada ka yi ta duba agogo, ka bar idonka a rufe, jiki na samun hutu ko da haka.

Kumburin ƙafa biyu da ke saɓewa bayan kwana ɗaya ba abin damuwa ba ne. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke maka farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko da makonni bayan tafiya ne, ka tafi asibiti a ranar, ka gaya musu ka yi doguwar tafiya a jirgi.